Cinikin Biri A Sama: Wa Ke Ɗauke Da Amanar Kwamfutarka A Hanya?

Hausawa suna da wata magana da su ke yi wa mutumin da ya ba da kuɗinsa a kan abin da bai riƙa a hannu ba, su ce ya yi cinikin biri a sama. Da can abin dariya ne. Yau kuwa ya zama sana'a mai ofisoshi da ma'aikata da motoci, har mutum yana zaune a zaurensa a Gusau ko a Azare sai ya ga hoton kaya a Ikko cikin wayarsa, ya taɓa gilashinta da yatsa, kuɗinsa su tashi daga banki su tafi, shi kuma ya zauna jiran abin da Allah zai yi. In hula ce ko takalmi ya saya, da sauƙi, ko an yi hasara ba ta karya mutum. Amma in kwamfutar girke ce, watau irin wadda a ke ajiyewa bisa tebur da akwatinta da allonta, to, magana ta girma, gama kuɗinta su kan cinye albashin wata da watanni, ga nauyi, ga shi kuma ba ta son jijjiga ko kaɗan.

Bukatar irin wannan na'ura kuwa ƙaruwa ta ke yi a ƙasar nan. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta mai da ita gaba ɗaya ta kwamfuta, sabo da haka cibiyoyin jarrabawa suka yawaita, kowace da ɗaruruwan kwamfutoci jere a ɗaki. Ga makarantu, ga asibitoci, ga masu shagon buga takardu da katin biki, dukansu sun fi son ta girke a kan ta tafi-da-gidanka, domin ta fi jure aiki, ta fi sauƙin gyara, ɓarawo kuma ba ya sa ta a hammata ya fice. Sai ga shi tun daga watan Yuni na 2023, da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dalar Amurka da ke wajen Naira 460 a farashin Gwamnati ta haura Naira 1,500 cikin 2024. Kwamfuta kuwa galibi daga waje ta ke zuwa. Da sabuwa ta gagari mutane sai suka koma ga ta hannu, suka kuma shiga laluben araha a kasuwannin intanet.

To, masu karatu, abin da mu ke so mu jawo hankalinku a kai guda ne. Tsakanin sa'ar da kuɗi suka bar hannunka da sa'ar da kwamfuta ta kama wuta a ɗakinka akwai wata tazara, a cikin wannan tazara kuwa a ke yin yawancin hasara. Mai hankali ba ya biya sai ya san a wuyan wa amanar kayansa ta ke a kowane zango na wannan tafiya, ya san sunansa, ya kuma san inda zai same shi in abu ya ɓaci.

BA YAU AKA FARA BA

Sayen abin da ke nesa tsohon abu ne a wurinmu. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su tashi sai da madugu, shi ke da alhakin ayari tun daga fita har komowa. In sun sauka a gari akwai fatoma, mai masaukinsu, shi zai adana kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo in an ba da bashi. Akwai kuma dillali, wanda ke cin la'ada, in kuwa aka tarar da aibi a haja wurinsa a ke komawa. Kowane ɗayansu yana da suna, yana da gida, yana da mutuncin da ya ke tsoron zubewarsa a idon gari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai takarda ta shigo cikin al'amarin, mai aika kaya ya karɓi shaida a tasha. A zamanin Turawa kuma akawuna da malaman makaranta su kan duba littattafan tallan kantunan Ingila su yi odar agogo ko takalmi, su jira jirgin ruwa makonni, in ƙunshi ya iso gidan waya su je su biya a nan kafin a miƙa musu.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ma ba su bar wannan babi ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da a ke karantawa a zaurukanmu har gobe, ya halatta sayen abin da ba ya nan in an siffanta shi sosai, amma ya hana a sa sharaɗin biyan kuɗi tun da wuri in abin yana da nisa kuma yana iya sākewa kafin ya iso. A mazhabar kuma, irin wannan kaya da a ke ɗauka daga wuri zuwa wuri yana cikin lamunin mai sayarwa ne har sai mai saye ya karɓa, sai fa in sun yi wani sharaɗi dabam a tsakaninsu. Ku dubi hikimar da ke ciki: a siffanta kaya, a jinkirta biya, a san mai lamuni. Waɗannan abubuwa uku su ne dai har yau ke raba wanda ya ci riba a intanet da wanda ya yi kuka.

KASUWA IRI UKU CE

Mutane su kan ce sun sayi abu a intanet kamar duk wuri ɗaya ne, alhali kuwa kasuwannin sun kasu uku, kowace da irin dokarta. Ta farko ita ce irin su Jumia da Konga, waɗanda dukansu aka buɗe a Ikko a 2012. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kaya masu yawa da ke cikinsu na 'yan kasuwa ne dabam dabam da suka kafa rumfa a ciki. Kamfanin dillali ne babba: shi ke karɓar kuɗi ya riƙe, shi ke shirya kai kaya, sa'an nan ya cire la'adarsa ya ba mai haja saura. Sunan ainihin mai hajar yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe a gefen hoto, tare da shaidar da waɗanda suka saya a wurinsa suka bayar. Wannan suna ya fi hoton amfani. A duba tun yaushe ya ke ciniki a nan, mutum nawa suka saya, me masu ƙorafi suka ce, musamman waɗanda suka sayi kwamfuta, gama wanda ya iya aika cajar waya lafiya ba lalle ne ya iya ɗaure akwati mai nauyi ba.

Ta biyu ita ce irin su Jiji, wanda aka buɗe a 2014, ya kuma karɓi harkar OLX ta Nijeriya a 2019, da kasuwar Facebook, da masu talla ta WhatsApp da Instagram. Waɗannan kamar allon sanarwa su ke a bakin kasuwa, kowa ya zo ya liƙa tallarsa. Su kan haɗa ka da mai kaya, daga nan sai abin da kuka shirya, kuɗinka kuma kai tsaye su ke faɗawa asusunsa. Shi kansa Jiji yana gargaɗin masu saye kada su biya kafin su ga kaya. Akwai mutanen kirki da yawa a irin waɗannan wurare, a nan ne kuma araha ta fi yawa, amma a nan ne 'yan damfara suka fi samun wurin fakewa.

Ta uku ita ce ta ƙasashen waje, irin su Amazon da eBay da AliExpress. Kwamfutar girke ba ta cika dacewa da wannan hanya ba, domin kuɗin jirgin sama a kan nauyi ko girman kwali a ke yanke shi, ga kwastan, in kuma ta zo da aibi kuɗin mai da ita na iya kusantar kuɗin sayenta.

A SIFFANTA KAYA TUKUNA

Yawancin kwamfutocin hannu da ke yawo a kasuwanninmu na ofisoshin Turai da Amurka ne da aka sauya, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Na'urori ne masu ƙarko, ba abin ƙi ba ne. Inda a ke yaudarar mutane shi ne wajen shekaru. Sai ka ga an rubuta Core i5 da manyan baƙaƙe, mai saye ya ɗauka ya samu ta zamani, bai san kamfanin Intel ya fara sa wannan suna tun 2009 ba, yana kuma ta fitar da zuriya bayan zuriya da sunan nan guda. Lambar da ke bin sunan ita ke faɗin gaskiya. Misali, i5-3470 zuriya ta 3 ce, ta 2012, i5-8500 kuwa zuriya ta 8 ce, ta 2018.

Wannan bambanci yana da nauyi yanzu, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga jama'a tun ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'idarsa yana bukatar zuriya ta 8 zuwa sama in ƙwaƙwalwar Intel ce. Wanda ya sayi ta ƙasa da haka zai iya buga takardu da ita, amma ya sani ya sayi abin da masu shi suka juya wa baya, kada kuma a karɓi kuɗin ta zamani a hannunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, laifin yana inda aka ce maka ƙwarya ce.

Sabo da haka kafin a yi maganar aikowa, a sa mai kaya ya rubuto, a rubuce fa ba da baki ba, cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwa, da yawan RAM, da iri da girman ma'adanar ajiya, da ko sabuwa ce ko ta hannu ko gyararriya. A tambaye shi ko farashin ya haɗa da allon kallo da allon rubutu da linzami da wayoyin wuta, gama sau da yawa hoto ya kan nuna su duka, kuɗin kuwa na akwati ne kaɗai. A kuma nemi hoton lambar shaidar da ke liƙe a jikin akwatin. Ta Dell baƙaƙe da alƙaluma 7 ce, in ka sa ta a shafin kamfanin zai nuna maka irin na'urar da abin da aka sa mata a masana'anta, HP da Lenovo su ma suna da irin wannan. Mai kayan da ya ƙi ba da wannan lamba ya riga ya ba ka amsa.

ABIN DA HANYA KE YI WA KWAMFUTA

Mafi yawan waɗannan kaya ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can su ke shigowa, su zarce kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba. Daga nan zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ko dai ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, ko kuwa ta Lakwaja da Abuja da Kaduna. Ku ƙidaya hannuwan da kwali zai ratsa: yaron shago ya ɗaure, mai babur ya kai sito, masu lodi su jefa a babbar mota, a sauke a wani sito a tsakiyar hanya, a sake lodawa, a sauke a Kano, sa'an nan ƙaramar mota ko wani babur ya ɗauka zuwa ƙofar gida. In garinka Nguru ne ko Argungu sai a ƙara wani zango. Cikin dukan mutanen nan babu wanda ya san abin da ka biya, ƙalilan ne kuma ke karanta abin da aka rubuta a jikin kwali.

Ranar isowa da a ke rubuta maka ƙiyasi ce. In an ce kwana 5 na aiki, Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba su ciki. A lokacin gwanjon watan Nuwamba da hada-hadar ƙarshen shekara kaya su kan yi wa sito yawa. Damina kuma tana da nata hukunci: a watan Oktoba na 2022 ambaliya ta rufe hanyar Lakwaja zuwa Abuja wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, har man fetur ya yi wuya a Abuja. Wanda ke da ranar buɗe cibiya ko ranar fara aji, ya yi oda da ratar makonni, kada ya rataya alkawarin da ya yi wa mutane a kan alkawarin direba.

Jinkiri dai a kan jure shi, ɓarna ce ba ta da daɗi. Cikin akwatin kwamfuta akwai abubuwa huɗu da hanya ta fi cuta. Na ɗaya tsohuwar ma'adana mai faifai, wadda faifanta ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Faɗuwa ɗaya mai ƙarfi na iya raunana ta, ta yi aiki mako biyu sa'an nan ta mutu da duk abin da aka ajiye ciki. Sabuwar ma'adana da a ke kira SSD ba ta da abin da ke motsi, ta fi jure tafiya nesa ba kusa ba. Na biyu katin hoto, wanda ke cikin kwamfutocin masu zane da haɗa fim: yana da nauyi, a rataye ya ke a 'yar siririyar kafa, ramukan hanya su kan sa ya tsage mazauninsa. Na uku ƙarfen sanyaya ƙwaƙwalwa in babba ne. Na huɗu RAM, wanda jijjiga kan zame da shi, a kunna na'ura ta yi ta ƙara allo ya ƙi kawowa. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne, mai gyara zai mai da shi cikin minti biyar. Allon kallo kuwa shi ya fi kowa rauni, buhu ɗaya aka ɗora masa an gama.

Maganin wannan yana wurin ɗauri. A nemi a sa akwatin cikin kwali mai kauri da soso a kowane gefe har ba ya motsi in an girgiza, a naɗe da leda sabo da ruwa da ƙura, a cire katin hoto a naɗe shi dabam, allon kallo kuma ya samu nasa kwalin a tsaye. A sa mai kaya ya ɗauki bidiyon na'urar tana aiki da lambar shaidarta a fili, ya kuma ɗauki hoton kwalin bayan an rufe. In ya ce sai an ƙara kuɗin ɗauri, a ƙara, ya fi arahar da za ta zo a farfashe.

WA ZAI KAWO, WA ZAI BIYA IN TA FASHE?

Hanyar aikowa ita ma uku ce. In babbar kasuwa ce ta ɗauki nauyin kawowa, to, lamuni yana wuyanta har ka karɓa, wannan ne ma babban abin da ka ke biya a cikin tsadarta. In kamfanin kai saƙo ne, irin waɗanda hukumar gidan waya ta NIPOST ke ba lasisi, za a ba da rasit da lambar bin sawu wadda za ka riƙa dubawa ka ga inda kaya ya kwana. Amma a karanta sharuɗɗan da ke jikin takardar, gama diyyar da su ke biya in kaya ya ɓace tana da iyaka, sai fa in an faɗi ainihin darajarsa an biya inshora. Mutane su kan rage darajar kaya a takarda don kuɗin aike ya yi sauƙi, ran da aka yi hasara kuwa abin da suka rubuta da hannunsu shi za a duba.

Ta uku ita ce wadda kowa ya sani, a kai tasha a ba direban safa ko na tirela, a turo maka lambar wayarsa da ta motar. Kada a raina wannan hanya, ita ke ɗauke da cinikin Kudu da Arewa, ta fi sauri, ta fi araha, direbobi da yawa kuma masu riƙon amana ne. Sai dai a kan sanayya aka gina ta. Ɗan kasuwar da ke aike kowane mako yana da direbansa, yana da shugaban tashar da zai kai wa ƙara. Kai da ka zo sau ɗaya ba ka da kowa, kwalinka kuma tare da buhuna zai kwana a but. In tilas ta sa, a bi ta ofishin tasha a karɓi takardar webil mai hatimi, a rubuta abin da ke ciki, a kuma yanke magana da mai kaya tun da fari cewa in ta zo a fashe hasarar wa ce.

Akwai kuma maganar adireshi. Unguwanninmu da yawa ba su da sunan titi balle lambar gida, sai dai a ce bayan masallaci, kusa da mai shayi. Lambar yanki mai alƙaluma 6 da NIPOST ta tsara, mutum nawa ne ya san tasa? Mai kawo kaya ya yi ta yawo da kwali a bayan babur, ya kira waya ba ta shiga, ya koma, bayan 'yan kwanaki a mai da kaya Ikko. Ga abu mai nauyi da rauni kamar kwamfuta, gara ka zaɓi a ajiye maka a ofishinsu na garinku ka je da kanka, ka rage hannu ɗaya, ka kuma samu wurin dubawa a natse.

HANNU DA HANNU

Hannu da hannu cinikin makaho, in ji masu iya magana, a wannan sha'ani kuwa dukanmu makafi ne. Inda duk aka yarda ka biya bayan kaya ya iso, zaɓi wannan. Amma adalci ya sa mu faɗi cewa masu kawowa su ma suna da nasu kuka. Akwai masu yin oda don wasa, kaya ya yi tafiyar kwana uku su kashe waya. A 2017 ma an kashe wani mai kai kaya a Fatakwal, waɗanda suka yi odar wayoyi masu tsada suka hallaka shi don kada su biya. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa kamfanoni ke ɗari-ɗari da biya bayan karɓa in kaya mai tsada ne.

In ba makawa sai an biya tukuna, a biya ta cikin kasuwar da ke riƙe kuɗi. Da zarar mai haja ya ce ka biyo shi ta waya ka tura asusunsa zai rage maka, to, yana so ne ya fitar da kai daga inuwar dillali zuwa rana. Wata dabarar kuma, bayan ka biya sai a kira ka a ce kaya ya maƙale a hanya, sai ka turo kuɗin kwastan, gobe a ce na inshora. Kayan da ya riga ya shigo ƙasa bisa ƙa'ida ba a sake biya masa kuɗin fito don zai tafi Kano. Wanda aka fara yi wa wannan waƙa ya tsaya a nan, kada ya bi kuɗin da suka tafi da waɗansu.

Ga wanda ya ga kaya a allon talla kuma ya matsu, akwai hanyar kakanni. 'Yan'uwanmu suna nan zaune a Agege da Idi-Araba da sauran unguwannin Ikko shekara da shekaru. A nemi amintacce wanda ya san na'ura, a ba shi ladansa, ya je shagon da ƙafarsa, ya kunna, ya gwada, ya biya, ya tsaya a ɗaure a gabansa. Fatoma ke nan ya dawo cikin sabuwar riga.

RANAR DA KAYA YA ISO

A nan ne gaggawa ke cin mutane. Duba kwali kafin ka sa hannu: in ya lotsa, ko ya jiƙe, ko an yanke salatif an sake liƙawa, ɗauki hoto, ka sa a rubuta, in abin ya yi muni ka ƙi karɓa. 'Yan alƙaluman sirri da a ke turo maka a waya a matsayin sa hannunka su ke, kada ka karanta wa kowa su ta waya kafin kwali ya zo gabanka. Ka sa wani ya ɗauki bidiyo tun daga yanka salatif har fito da kaya, ka gwada lambar shaida da wadda aka turo maka.

Kafin ka sa wuta, juya bayan akwatin. Wutar Nijeriya mai ƙarfin 230 ce, ta Amurka 120, waɗansu tsofaffin kwamfutoci kuma suna da wani ɗan jan maɓalli a baya mai 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. In yana kan 115 ka sa a wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri, laifin kuma ya dawo kanka. Ka tanadi UPS tun kafin ta iso, gama kwamfutar girke ba ta da batir, ɗaukewar wuta farat ɗaya kuwa tana lalata ma'adana. In ta tashi, shiga inda na'urar ke bayyana kanta ka ga ko ƙwaƙwalwa da RAM da ma'adana sun yi daidai da abin da aka rubuta maka. Gwada kowace kafa. Bar ta ta yi aiki sa'o'i a jere, kwana biyu ko uku, ka ji ko tana zafi ko tana mutuwa da kanta. Kada ka yar da kwali. Wa'adin mai da kaya gajere ne, sau da yawa bai wuce mako guda ko biyu ba, daga ranar karɓa kuma a ke fara ƙirga shi. Wanda ya ajiye kwali a ɗaki sai bayan Salla ya buɗe ya yafe hakkinsa da kansa.

DOKA TANA NAN

Jama'a su sani akwai Dokar Gasa da Kare Hakkin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye ikon ƙin kayan da bai samu damar dubawa ba kafin a kawo, in ya tarar bai dace da siffar da aka yi masa ba. Ta kuma ba shi wata 3 daga ranar karɓa ya mai da kayan da ya fito da aibi, a gyara, ko a sauya, ko a mai da kuɗi. Aibin da aka faɗa maka tun farko ka yarda da shi, wannan dabam ne. Rubutun nan da waɗansu ke yi a rasit cewa in an saya ba a mayarwa bai fi ƙarfin doka ba. Amma hukuma da shaida ta ke aiki: rasit, da saƙon banki, da rubutun da kuka yi da mai kaya, da hotuna. A fara kai kuka ga mai haja, sa'an nan ga kasuwar, sa'an nan ga hukuma. In kuwa damfara ce tsagwaronta, a garzaya banki a ranar, kafin a kwashe kuɗin, a kuma sanar da 'yan sanda ko EFCC.

Daga ƙarshe a yi lissafi da alƙalami. A ɗora kuɗin aike, da na ɗauri, da na inshora, da ladan wakili, da kwanakin da aiki zai tsaya, bisa farashin da aka gani a waya, sa'an nan a gwada da abin da mai shago a Titin Bairut na Kano ko a kasuwar garinku ya faɗa. Wani lokaci intanet za ta fi sauƙi ƙwarai, musamman ga irin na'urar da babu ita a kusa. Wani lokaci kuwa za ka tarar ratar ba ta taka kara ta karya ba, ga shi mai shagon yana nan gobe, ka san ƙofarsa. Araha ba ta ado.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri su kafa rumfunansu a waɗannan kasuwanni na intanet, don mutumin Haɗeja ya sayi kwamfutar da za ta yi tafiyar yini guda maimakon ta mako. Muna kuma roƙon hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi su dubi maganar sunayen tituna da lambobin gidaje, gama ciniki ba ya zuwa inda ba a san ƙofa ba. Ku kuma masu saye, ku sa a siffanta muku kaya a rubuce, ku jinkirta biya iyakar iyawarku, ku san mai lamuni tun kafin kwali ya bar shago. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a cinikinmu, amin.